Kuskuren Nahawu da Matsayin Marubuci: Waiwaye a Kan Muhawarar Ingilishin Amos Tutuola

1.0 Gabatarwa

Daga cikin tambayoyin da suka daɗe suna kai-komo tsakanin malaman harshe akwai wadda ke cewa, shin kuskuren nahawu ko saɓa ƙa'idar rubutu ya isa ya zama ma'aunin da za a auna mutum da shi? Malamin aji yakan ci karo da wannan tambaya duk ranar da ya ɗauki jan biro, haka ma editan jarida da mai ɗaukar ma'aikata da alƙalin gasar rubutu. Galibi akan amsa ta ne da ra'ayi zalla. Wani ya ce ƙa'ida ita ce komai, wani kuma ya ce muddin an fahimci saƙo to magana ta ƙare.

Wannan maƙala za ta tunkari tambayar ne ta fuskar tarihi. Za a ɗauki misali guda wanda ya faru a idon duniya, aka kuma adana takardunsa, wato muhawarar da ta biyo bayan buga littafin Amos Tutuola mai suna The Palm-Wine Drinkard a shekarar 1952. Manufar ita ce a nuna cewa masu yabon Tutuola a Ingila da Amurka da masu sukarsa a Nijeriya duk rami ɗaya suka faɗa. Kowane ɓangare ya ɗauki nahawun marubucin a matsayin shaida kan hankalinsa da na al'ummarsa, alhali abin da nahawun ke iya ba da shaida a kai bai wuce abu biyu ba: yawan shekarun da ya yi a makaranta, da harshen da yake tunani da shi.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Tutuola

An haifi Amos Tutuola a shekarar 1920 a yankin Abeokuta ta ƙasar Yarabawa. Mahaifinsa manomin koko ne. Bai sami shiga makaranta ba sai lokacin da yake yaron gida wurin wani ma'aikacin gwamnati wanda ya ɗauki nauyin karatunsa a maimakon albashi. Ya fara da makarantar firamare ta ƙungiyar Salvation Army, kuma dukkan zamansa a aji bai wuce shekara 6 ba. Rasuwar mahaifinsa a ƙarshen shekarun 1930 ita ta datse karatun, domin babu mai biyan kuɗin makaranta.

Daga nan ya taɓa noma bai ji daɗinsa ba, sai ya koyi ƙira. Daga 1942 zuwa 1945, wato lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi aikin ƙira a rundunar sojan sama ta Ingila da ke Nijeriya. Bayan yaƙi ya so ya buɗe maƙerarsa, rashin jari ya hana. A shekarar 1946 ya sami aikin masinja a Ma'aikatar Ƙwadago da ke Legas. Zaman jiran aike a bakin ofis shi ya ba shi sararin fara rubuta tatsuniyoyin da ya ji tun yana yaro.

Wannan tarihi yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Ingilishin da Tutuola ya mallaka na ɗan firamare ne, wanda ya ƙara da abin da ya tsinta a barikin soja da takardun ofis da 'yan littattafan da suka faɗo hannunsa. Shi kansa bai taɓa da'awar wani abu fiye da haka ba.

3.0 Yadda Aka Buga Littafin

Rubutunsa na farko mai tsawo, The Wild Hunter in the Bush of the Ghosts, ya aika da shi ne a 1948 ga kamfanin Focal Press da ke Landan, wanda sana'arsa buga littattafan ɗaukar hoto ce. Kamfanin ya ajiye rubutun bai buga ba, kuma bai fito ba sai a 1982. Rubutu na biyu ya aika da shi ga wata ƙungiyar buga littattafan addinin Kirista bayan ya ga tallarta a wata mujalla. Ƙungiyar ba ta buga ƙagaggun labarai irin wannan, amma ta miƙa shi gaba har ya isa kamfanin Faber and Faber, wanda a lokacin mawaƙin nan T. S. Eliot yana cikin daraktocinsa. Littafin ya fito a watan Mayu na 1952, kamfanin Grove Press kuma ya buga shi a Amurka a 1953.

Labarin na wani mutum ne wanda ba shi da aiki sai shan bammi. Da mai tatso masa bammin ya faɗo daga bisa itace ya mutu, sai ya kama hanya zuwa garin matattu don ya komo da shi. A hanya ya kama Mutuwa da raga, ya ceto wata budurwa daga hannun wani kyakkyawan saurayi wanda ashe duk sassan jikinsa na haya ne, in ya mayar wa masu su babu abin da ke saura sai ƙoƙon kai. A ƙarshe ya komo gida da wani ƙwai mai ba da abinci, ya tarar ana yunwa saboda rigimar da ta ɓarke tsakanin Sama da Ƙasa.

Abubuwa biyu game da bugun suna da alaƙa kai tsaye da batun wannan maƙala. Na farko, Tutuola da kansa ya rubuta wa kamfanin yana roƙon a gyara masa kura-kuran Ingilishinsa. Editocin suka zaɓi su yi gyara kaɗan, su bar mafi yawan rubutun yadda yake. Na biyu, kamfanin ya saka hoton shafi ɗaya na rubutun hannun marubucin a cikin littafin, tare da 'yan gyare-gyaren edita a kai, don mai karatu ya tabbata ba a taɓa harshen sosai ba. Ke nan tun kafin littafin ya isa kasuwa, an riga an mai da kuskuren nahawu wani ɓangare na hajar da ake tallatawa, kuma ba mai rubutun ne ya yanke wannan shawara ba.

4.0 Hukunci Iri Biyu

4.1 Yabon Waje

A ranar 6 ga Yuli 1952 mawaƙin nan Dylan Thomas ya yi sharhin littafin a jaridar Observer ta Landan. Ya yaba shi ƙwarai, ya kuma siffanta harshensa da cewa Ingilishi ne mai ƙuruciya. Wannan sharhi shi ya buɗe wa littafin ƙofa. A 1953 marubucin Faransa Raymond Queneau ya fassara shi zuwa Faransanci, daga baya kuma aka fassara shi zuwa harsuna fiye da 10.

Sai dai wani kaso na yabon yana tafe da guba a cikinsa. Anthony West, a mujallar New Yorker a ƙarshen 1953, ya nuna cewa mai karanta littafin yana leƙen mafarin adabi ne tun ranar da aka fara rubutu. V. S. Pritchett kuma, da yake sharhin littafi na biyu, My Life in the Bush of Ghosts, a 1954, ya kamanta muryar Tutuola da ta ɗan'adam a farkon zamansa a duniya. Idan aka lura, waɗannan masu sharhi sun tashi daga jimlar da ta karkace sun sauka kan hukuncin cewa ƙwaƙwalwar da ta samar da ita ɗanya ce, ba ta riga ta waye ba. Mutumin da ya yi aiki a rundunar sojan sama, yake zaune a Legas, yake cika labarinsa da ambaton agogo da fam da sule da tarho da bom, shi ne aka mayar wakilin mutanen farko.

4.2 Sukar Gida

'Yan bokon Afirka ta Yamma ba su ji daɗin wannan yabo ba. A shekarar 1954 shafin wasiƙu na mujallar West Africa, wadda ake bugawa a Landan, ya zama fagen muhawara. Babasola Johnson ya rubuta cewa bai kamata a ce an buga littafin ba tun farko, domin harshensa baƙo ne ga Turawa da mutanen Afirka ta Yamma baki ɗaya. Ya ƙara da cewa yawancin labaran sanannun tatsuniyoyi ne, wasu kuma daga littafin D. O. Fagunwa na Yarabanci, Ogboju Ode Ninu Igbo Irunmale na 1938, aka ɗebo su. I. A. Akinjogbin, wanda daga baya ya zama farfesan tarihi a Jami'ar Ife, ya nuna cewa Turawa suna son littafin ne saboda ya dace da tatsuniyoyin da suka saba gaskatawa game da Afirka.

Za a iya taƙaita sukar cikin maki uku: harshen ya lalace, labarin aro ne, kuma littafin zai ja wa 'yan Afirka raini. Maki na biyu bai da ƙarfi sosai, domin ɗiba daga rumbun adabin baka da littattafan da suka gabata abu ne da marubutan farko suka yi a ko'ina cikin ƙasar nan. Fagunwa kansa daga tatsuniyoyin Yarabawa ya sha. A Arewa ma sananne ne cewa Abubakar Imam ya ɗebo da yawa daga labaran Magana Jari Ce daga littattafan Larabawa da na Turawa, ya sake musu riga, kuma hakan bai rage masa daraja ba domin Hausarsa ta tsaya da ƙafarta. Wannan ya nuna cewa maki na farko, wato harshe, shi ne uwar sukar, sauran biyun a bayansa suke.

4.3 Dalilin Zafin Sukar

Ruwa ba ya tsami banza. Ba adalci ba ne a ɗauki masu sukar a matsayin 'yan ƙyashi kawai, sai an duba zamanin da suka yi magana. Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta buɗe a 1948. A 1953 Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a majalisar wakilai, a 1954 kuma aka shiga sabon tsarin mulki na tarayya. Babbar hujjar masu mulkin mallaka ita ce 'yan ƙasa ba su isa riƙe kansu ba tukuna, kuma ɗaya daga cikin amsoshin 'yan boko ita ce nuna cewa sun iya harshen Bature kamar Bature. A irin wannan hali, ganin jaridun Landan suna tafa wa Ingilishin masinja, suna kiransa muryar Afirka, dole ya yi ciwo.

Har ila yau, waɗannan mutane sun biya farashi mai tsada kafin su mallaki daidaitaccen Ingilishi. A jarrabawar kammala sakandare ta Kambirij ta wancan zamani, wanda ya faɗi darasin Ingilishi ya rasa takardar shaida gaba ɗaya, ko da ya ci sauran darussa. A shekarar 1952 da littafin ya fito ne kuma aka kafa Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma. Wanda ya ga abokansa sun rasa makoma saboda kuskuren lokacin aikatau, da wuya ya yarda a ɗaukaka wani saboda irin wannan kuskure.

Saboda haka tsoronsu game da manufar wasu Turawa gaskiya ne, abin da West da Pritchett suka rubuta ya tabbatar da shi. Inda suka kauce shi ne, sun amince da ma'aunin Turawan ba tare da sun sani ba. Bature ya ce karkataccen nahawu alamar ɗanyen hankali ne, ya yi murna. Ɗan boko ya yarda cewa alamar ɗanyen hankali ne, ya ji kunya. Babu wanda ya tsaya ya tambaya ko alamar gaskiya take faɗa.

5.0 Mene ne Ainihin Kuskuren?

Sai daga baya masana harshe suka zauna suka feɗe Ingilishin Tutuola a tsanake. Adebisi Afolayan, a nazarinsa na 1971, ya nuna cewa harshen yana da tsari, kuma tsarin na Yarabanci ne sanye da kalmomin Ingilishi. Idan aka bi wannan hanya za a iya rarrabe abin da ake kira kuskure zuwa gida huɗu.

Gida na farko shi ne kuskuren rubutu zalla, kamar musanya baƙi ko wasali a kalma, da sa manyan baƙaƙe ko alamomin rubutu a inda ba muhallinsu ba. Wannan aikin edita ne, kuma marubuta masu digiri ma ana yi musu shi kullum ba tare da an buga hoton shafinsu ba.

Gida na biyu shi ne tasirin harshen uwa. Aikatau a Yarabanci ba ya sauya siga don nuna lokaci, wasu 'yan ƙananan kalmomi ne ke gabatarsa su yi wannan aiki. Suna ba ya ɗaukar ɗafa-ƙeya don nuna jam'i. Wakilin suna na mutum na uku tilo kuwa guda ɗaya ne, wato ó, ba ya bambanta namiji da mace yadda Hausa ke bambanta ya da ta. Ana iya danganta ɗabi'ar Tutuola ta sanya suna cikin baka bayan wakilin suna da wannan, wato ƙoƙari ne na kauce wa ruɗani. Mai yin haka mutum ne da ke tunanin mai karatunsa.

Gida na uku shi ne cakuɗa rukunan harshe. Yakan ɗauko salon takardar ofis, da ƙididdigar kuɗi da ta mil da ta sa'o'i, ya dasa su a tsakiyar dajin aljanu. Mai duba jarrabawa zai kira wannan rashin dacewa, amma a nan ne yawancin barkwancin littafin yake.

Gida na huɗu shi ne ƙirƙira ta hanyar kiyasi, kuma sunan littafin kansa ya isa misali. Kalmar drinkard babu ita a ƙamus. Ya gina ta ne daga aikatau mai ma'anar sha, bisa ƙirar kalmar da ke nufin mashayin da ya bugu, sai ta ba da ma'anar gwanin sha wanda sha ne aikinsa. Haka kuma a ci gaban sunan littafin ya yi wa kalmar dead jam'i da -s, abin da nahawun Ingilishi bai yarda da shi ba, amma Bahaushe mai cewa matacce da matattu ba zai ga abin mamaki a ciki ba.

Tun a 1958 L. F. Brosnahan ya kasa Ingilishin Kudancin Nijeriya gida huɗu bisa matakin karatun mai magana, Ayo Banjo kuma ya kawo nasa rabon na gida huɗu a 1971. Abin lura a rabon Brosnahan shi ne, da ajin makaranta ya yi awo. Wannan shi ne iyakar abin da kimiyyar harshe za ta iya karantowa daga kuskure. Tana iya faɗin inda mutum ya tsaya a makaranta da harshen da ya tashi da shi. Ba ta da hanyar auna basira ko gaskiya ko hali daga wurin.

6.0 Sauyin Ra'ayi

Guguwar ta fara kwantawa tun kafin samun 'yancin kai. A fitowar farko ta mujallar Black Orpheus a Ibadan a 1957, Gerald Moore ya yi nazarin Tutuola a matsayin mai hangen nesa, ya dubi zubi da tsarin labarinsa na fita nema da shan wuya da komowa gida. Fitowar Things Fall Apart na Chinua Achebe a 1958 da samun mulkin kai a 1960 sun sauke wa Tutuola kayan da ba nasa ba, domin daga nan babu mai iya cewa shi kaɗai ne muryar Nijeriya. A 1963 Kola Ogunmola ya mai da littafin wasan kwaikwayo na Yarabanci tare da Jami'ar Ibadan, 'yan kallo kuma suka karɓe shi hannu bibbiyu. Wannan, tare da fassarorin da aka ambata, hujja ce mai ƙarfi: an cire Ingilishin gaba ɗaya, labarin bai faɗi ba.

Marubucin nan Taban lo Liyong ya kare shi a ƙarshen shekarun 1960 da hujjar cewa James Joyce da Mark Twain ma sun karya nahawu ba a kore su daga adabi ba. A 1975 Bernth Lindfors ya tattara sharhunan da aka yi a kansa cikin littafi guda. A 1977 Achebe ya gabatar da lacca a Jami'ar Ibadan inda ya nuna cewa jigon littafin shi ne aiki da lalaci da sakamakon ƙetare iyaka, ya kuma sanya Tutuola a gaban sauran marubutan Nijeriya wajen koyar da tarbiyya. Shekara 25 ke nan bayan bugun farko. A 1979 Jami'ar Ife ta gayyace shi a matsayin baƙon manazarci, a 1983 kuma ya halarci shirin marubuta na duniya a Jami'ar Iowa ta Amurka.

Akwai wani kwatanci da ke ƙara fito da batun. Gabriel Okara ya gina The Voice na 1964 bisa tsarin jimlar harshen Ijo da gangan. Ken Saro-Wiwa, wanda ya karanta Ingilishi a Ibadan, ya rubuta Sozaboy na 1985 da harshen da shi da kansa ya kira ruɓaɓɓen Ingilishi a bangon littafin. An yi muhawara kan nasarar gwajin nasu, amma ba a tuhumi hankalinsu ba, domin an san suna da takardar shaida. Gaskiya ne akwai bambanci tsakanin mai karya ƙa'ida da saninsa da wanda bai san ta ba. To amma wannan bambanci yana cikin tarihin marubucin ne, mai karatu ba ya ganinsa a kan shafi sai an gaya masa.

Shi kuwa Tutuola bai tsira ta kowace fuska ba. Da ya ƙoƙarta ya kyautata Ingilishinsa a littattafan baya, wasu masu sharhi na waje suka ce armashin ya ragu. Ya yi shekaru yana aikin kula da sito a gidan rediyon Nijeriya a Ibadan, ya rasu a can ranar 8 ga Yuni 1997. Da yawa daga takardunsa suna ajiye a Jami'ar Texas da ke Austin.

7.0 Makamanciyar Muhawara a Harsunan Gida

Kada a ɗauka wannan matsala ta Ingilishi ce kaɗai. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa maza da mata a Kano da kewaye suka shiga buga ƙagaggun labaransu da kuɗin aljihunsu, ba edita ba kamfanin ɗab'i. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa wannan rubutu sunan Adabin Kasuwar Kano, bisa kwatanci da adabin kasuwar Onitsha, kuma saɓa ƙa'idojin rubutu yana cikin manyan laifuffukan da aka ɗora wa marubutan. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna cikin waɗanda suka kare su a muhawarar da ta gudana a jaridu cikin shekarun 1990.

Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Kalma ta biyu a sunan littafin ta saɓa wa daidaitacciyar Hausa, inda ake rubuta kwikwiyo. Duk da haka, a 2012 wannan littafi ya fito da Ingilishi a Indiya cikin fassarar Aliyu Kamal, ana kuma nazarinsa a jami'o'i saboda abin da ya faɗa game da zaman aure da haƙƙin mata. Masu sukar sun yi gaskiya cewa kura-kuran suna nan, kuma suna iya ɓata hannun ɗalibai. Amma maganin wannan edita ne da koyarwa.

Bugu da ƙari, ita kanta ƙa'idar yarjejeniya ce da ke sauyawa. Rubutun Hausa na boko ya bi ta hannun Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, da taron Yamai na 1980, kuma har yanzu Nijeriya na rubuta 'y inda Nijar ke rubuta ƴ. A Yarabanci, shawarwarin 1974 sun mai da aiye ta koma aye, enia ta koma eniyan. Da za a ba mai duba jarrabawa na yau shafin Fagunwa na 1938 ba tare da suna ba, da ya sha jan biro.

8.0 Abin da Tarihin ke Koyarwa

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da abubuwa uku. Na farko, wajibi ne a raba hukunci kan rubutu da hukunci kan mai rubutu. Ƙa'ida tana da aiki na gaske. Bahaushe ya san tazarar da ke tsakanin ɓata da ba ta, ko kafa da ƙafa. Bayarabe ya san cewa ɗigo da alamar karin sauti ne ke raba oko, gona, da ọkọ, miji, da ọkọ̀, mota, da ọkọ́, fartanya. A takardar magani ko ta shari'a ko littafin koyarwa, irin wannan kuskure yana iya jawo ɓarna, kuma daidai ne a ƙi karɓar takardar har sai an gyara.

Na biyu, idan aikin da ake nema shi ne harshen kansa, kamar koyar da shi ko tace rubutu ko fassara, to auna mutum da ƙa'ida adalci ne, domin ita ce sana'ar. Da Tutuola ya nemi aikin malamin Ingilishi, da hana shi ya zama daidai. Aikin da ya gabatar kuwa ba da labari ne, a nan kuma ya fi yawancin masu gyara masa.

Na uku, kafin a ɗora wa mutum laifin rashin sanin ƙa'ida, sai a tambaya ko an ba shi damar koyonta. Har yau sai da kiredit a Ingilishi ake shiga jami'a a Nijeriya, alhali rabon ƙwararrun malamai da littattafai bai zama ɗaya ba tsakanin birni da ƙauye, ko tsakanin makarantar kuɗi da ta gwamnati. Ma'aunin da ke auna gatan da yaro ya samu, a kuma karanta sakamakon a matsayin basirarsa, ma'auni ne mai tauye mudu.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin hukuncin da aka yanke wa Amos Tutuola tun daga 1952 har zuwa rasuwarsa a 1997. An ga yadda kamfanin ɗab'i ya bar kura-kuransa duk da roƙon da ya yi a gyara, yadda wasu masu sharhi na waje suka karanta su a matsayin alamar ƙuruciyar hankali, da yadda 'yan boko na gida suka ji kunyarsu saboda dalilan da suka shafi siyasar lokacin. An kuma ga cewa da masana suka feɗe harshen, abin da suka tarar shi ne tsarin Yarabanci da karatun shekara 6. Nauyin da ke kan malaman harsunan Nijeriya shi ne su tsananta wajen koyar da ƙa'ida da tace rubutu, su kuma yi hattara wajen yanke wa mutum hukunci da ita. Labarin kyakkyawan saurayin nan mai sassan jiki na haya, wanda budurwa ta bi saboda kyan ɗan maciji, ya isa gargaɗi ga mai auna ciki da abin da ya gani a waje, kuma masinjan Ma'aikatar Ƙwadago ne ya rubuta shi.